Matsafin da Ya Saci Atishawa

A shekarar da aka ɗora mini rubuta wasan kwaikwayo na ranar ba da kyaututtuka, ina koyar da Hausa ne a wata makarantar sakandare a cikin garin Birnin Gwari. Shugaban makaranta bai tambaye ni ko na iya ba. Ya dai lura ni ne malamin da ake yawan kamawa yana karanta littafin hikaya a ƙarƙashin tebur lokacin taron malamai, sai ya ga gara a ci moriyar halin.

Ni kuwa abin nema ya samu. Tun ina yaro a ƙauyenmu na Saminaka nake haɗiye littattafan nan na sarakunan da, masu aljanu da takubba da dawakai masu fiffike. Kuma a cikinsu duka ba jarumi ne ke burge ni ba. Jarumi kullum kyakkyawa ne mai ladabi, ka san abin da zai ce tun bai buɗe baki ba. Mugun cikin labari shi ne mai fada, mai dariya tasa ta kansa, mai ƙa'idar da ba ya tsallakewa ko da za ta kashe shi, kuma ita ce ke kashe shi a ƙarshe.

Sai na zauna na rubuta wani matsafi da ke zaune a fadar dutse a tsakiyar ƙungurmin daji. Ya busa ƙaho, shanun gari suka bi shi gaba ɗaya. Ƙarfe ba ya kama shi, domin ransa ba ya jikinsa, yana cikin wani ƙwai da ya ɓoye a kogon kuka. Abu ɗaya ne ya gagare shi: in ya yi rantsuwa ba ya iya karya ta. 'Yar wani maharbi ce za ta shiga dajin, ta yaudare shi, ta samo ƙwan ta fasa. A gaskiya so nake yaranmu su ga an ci galabar wani abu da ke zaune a daji, ko da na kwali ne. A shekarun nan, mun fi sabawa da jin labarin akasin haka.

Jaruma ba ta yi wuyar samu ba, wata doguwar ɗaliba ce mai kaifin baki. Matsafi ne ya gagara. Duk yaron da na zaɓa, washegari ubansa na bakin ofis. A garinmu suna ba ya fita da sabulu. Akwai wanda ya fito a ɓarawo a wasan makaranta tun muna yara, yau yana da 'ya'ya da jikoki, amma in ya shiga shago har yanzu ana yi masa tsiyar a rufe aljihun tebur.

Da na rasa yadda zan yi, na je wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata. Tsohon direban babbar mota ne, ya ajiye tuƙi da hanya ta lalace, ya koma zaman majalisa a gaban shagon mai faci. Yana da murya kamar hon ɗin tirela, kuma Allah Ya yi shi da son a kalle shi. Bai bari na gama bayani ba ya karɓe takardun. Ya auna maganganun matsafi da tafin hannu, ya auna na jaruma, ya ga nata sun fi tsawo. Sai ya tsuke fuska.

"Malam," in ji shi. Haka yake kirana in zai raina ni. "Wannan mutumin me yake so?"

"Shanu, Kawu. Ga shi nan a rubuce."

"Ya yi me da su? Nono yake sha? Yana da iyali? Wa ke masa tatsa?"

"Mugu ne kawai."

"Babu mugu kawai. Ko kunama taka ta ake yi. Ka rubuta masa dalili, mai tsawo, in tsaya a tsakiyar fili in faɗa."

Na san ba zurfin labari ne ya dame shi ba, yawan magana yake nema. Amma tambayar ta zauna mini. Na koma na mayar da matsafin ɗan sarki da 'yan'uwansa suka hana gado, suka kore shi daji da rigar wuyansa. Kawu ya ji daɗi ƙwarai. Ya haddace jawabin, ya riƙa gwada shi a tsakar gida a kan matarsa da awakinta, har ta fara kai tsintar shinkafarta gidan maƙwabta. Ya kuma ƙware a mutuwa. In an fasa ƙwan, sai ya dafe ƙirji, ya zagaya, ya durƙusa, ya miƙe, ya la'anci gari, sannan ya faɗi. Kullum mutuwar ƙara tsawo take.

Sai shugaban makaranta ya ce kafin a nuna wa jama'a, sai kwamitin iyaye da malamai ya ji wasan. Muka zauna wata Asabar da hantsi a gindin mangwaron makaranta. Shugaban kwamiti wani Alhaji ne dillalin hatsi, wanda kowa ya san yana hararar kujerar kansila. Akwai Ardo na rugar bayan gari, wanda jikokinsa ke karatu a wurinmu. Akwai Mama, 'yar Gbagyi, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta karɓi haihuwar rabin ɗalibanmu. Sai Liman na masallacin unguwa. Kawu ma ya zo, ba wanda ya gayyace shi.

Ban wuce shafin farko ba Ardo ya ɗaga sandarsa kaɗan.

"Malam, ka yi haƙuri. In aka ce shanu, aka ce daji, a ranar nan duk wanda ke filin ni zai juyo ya kalla. Alhali nawa garken ma an kora. In zauna a kalle ni a kan shanun da aka sace mini?"

Aka soke shanu.

Na ce to ya ƙwace gonakin gari. Mama ta girgiza kai, ta ce a ƙauyukansu babu gidan da ba shi da tsohuwar maganar iyakar gona, kowa zai ɗauka da maƙwabcinsa ake, a tashi daga wasa a tafi wurin alƙali. Na ce zinariya fa, tunda mugayen hikaya na son zinariya. Alhaji ya yi gyaran murya, ya duba takalminsa, ya ce akwai bayin Allah da ke haƙa da halal ɗinsu, bai kamata a ɓata wa sana'a suna ba. Ba wanda ya tambaye shi wane ne ke saye daga hannunsu.

Da na zo jawabin hana gado, Kawu ya miƙe zai yi da kansa. Alhaji ya dakatar da shi.

"Malam, ka san gidaje nawa ne a garin nan ke ganin an hana su sarauta? So kake a ce makaranta ta shiga siyasar fada?"

Liman ya ce shi abin da ya fi damunsa ba sarautar ba ce. In aka ba mugu dalili, an ba shi uzuri, yara za su tashi da tunanin duk wanda aka cuta yana da izinin shiga daji.

Ardo ya ce, "Allah gafarta Malam, in aka hana shi dalili kuma an yi ƙarya. Wasu da suka shiga dajin nan, su aka fara yi wa. Na san iyayensu."

Mama ta dube shi, ba da faɗa ba. "Mu ma an yi mana, Ardo. Ba mu shiga ba."

"Haka ne," in ji Ardo. "Ni ma ban shiga ba."

Da an bar su, ina jin da a ranar an yi maganar da garinmu ya daɗe yana kewayewa. Amma Alhaji ya tafa hannu, ya ce lokaci na tafiya, a soke dalilin gaba ɗaya, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Kawu ya ce ai ɗan sarkin ne aka soke. Ba wanda ya kula shi.

Saura abin da matsafi zai sata, tunda dole ya saci wani abu. Alhaji ya ce ya saci wata, wata ba na kowa ba ne. Liman ya ce to da me za a ɗauki azumi, da me za a sauke? Aka ce ruwan sama, masu gona a cikinsu suka ce kada a yi musu mugun baki ana gab da shuka. Ana cikin haka ƙurar tsakar makaranta ta shiga hancin Mama, ta yi atishawa. Ta goge hanci ta ce, cikin gatse, to ya saci wannan mana. Liman ya yi ɗan nazari, ya ce ai kuwa wannan mugunta ce ta gaske, domin wanda ya hana mutane atishawa ya rage musu hamdala. Alhaji ya ce an amince. Mama ta ce wasa take yi, aka ce an riga an amince.

Daga nan aka shiga tufafi. Rawani ba zai yiwu ba, na masu sarauta ne, kuma na wasu ne da ba a son ambata. Malfa ta makiyaya ce. Baƙaƙen kaya na 'yan sa-kai ne. Kaki ba a ma fara ba. Babbar riga kuwa, Alhaji ya dubi wadda ke jikinsa ya ce a wuce wurin. Aka tsaya a kan buhunan taki da gidan sauro. Fadarsa ma aka tashe ta daga daji aka kai ta wani tsibiri a bayan teku, inda babu wanda ke da dangi.

Sai maganar ƙarshe. Alhaji ya ce yanzu zamanin sulhu ne, manya na ta ƙoƙari, bai dace a kashe kowa a gaban manyan baƙi ba. Jaruma ta ɗaga ƙwan, matsafi ya tuba, a rungume shi, a koya masa sana'a.

Kawu ya ce, "Alhaji, an cire mini uba, an cire mini gida, an sa mini buhu. Mutuwar ma ba za a bar mini ba?"

"Haƙuri za ka yi, Direba. Ai tuba ta fi mutuwa."

A hanyar gida, da muka kusa rabuwa, Kawu ya juyo gare ni. Ya ce in ɗauka bai san ni ba. Amma washegari shi ya riga kowa zuwa gwaji.

Ranar wasa fili ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, janareta na ta ƙugi a bayan aji. Ban da iyaye da manyan baƙi, akwai mutanen da suka baro ƙauyukan Damari da Kutemeshi suka rakuɓe a gidajen dangi a cikin gari. Sun zo da yawa, don kallo kyauta ne, kuma zaman ɗakin wani yana da gajiyarwa. Suka zauna a tabarmi a gaba.

Yara suka fito a matsayin mutanen gari, suna ɗaga kai, suna buɗe baki, atishawa ta ƙi zuwa. Jama'a suka yi dariya. Sai ga Kawu cikin buhunan taki, gidan sauro na jan ƙasa a bayansa, fuska shafe da alli da shuni. Ya tsaya ya faɗi abin da kwamiti ya bar masa: "Ni mugu ne. Ba ɗan kowa ba ne ni, ba daga ko'ina nake ba, ba na kama da kowa a nan." Ya faɗe shi yana kallon Alhaji ido cikin ido, har wasu suka fara juyawa su ga abin da yake kallo.

Wasa ya tafi daidai har wurin rantsuwa. Jaruma ta faɗa hannun matsafi, ta roƙe shi ya rantse ba zai taɓa ta ba sai ta shanye ruwan gorarta. Ya rantse. Ita kuwa ta toshe gorar ta rataya, ta wuce ta gabansa tana neman ƙwan. Kawu ya ɗaga hannuwa sama ya yi ruri: "Na riga na rantse. Hannuna a ɗaure yake."

Na rubuta wurin ne don a ji tsoro, a kuma jinjina wa wayon yarinya. Amma mutanen kan tabarma suka fashe da dariya, irin wadda har ana riƙe ciki. Wata dattijuwa daga Damari ta ɗaga murya ta ce, "Allah Ka kawo mana irinsa dajinmu." Dariya ta ƙaru, ta bazu har rumfar manya. Sannan ta fara janyewa a hankali, domin kowa ya tuna abin da ya sa maganar ta ba shi dariya. Mutanen nan sun ga alkawari iri-iri, an yi musu da safe an karya kafin azahar.

A tsaye a bayan allon da muka kafa a matsayin labule na fahimci abin da ban gane ba duk shekarun da na yi ina karatun hikaya. Ƙa'idar nan da mugun cikin labari ke bi, ba don shi aka yi ta ba. Mai ba da labari ne ya ɗaura masa ita don tausayin masu saurare. Ana ba shi ƙwai don a samu abin fasawa.

Jaruma ta ciro ƙwan daga kogon kuka na kwali, ta ɗaga shi sama, ta faɗi abin da aka tsara: "Ka tuba, a yafe maka."

Kawu ya naɗe hannu. "Ban tuba ba."

Yarinyar ta waiwayo ta dube ni. Na yi mata alama ta maimaita. Ta maimaita.

"Na ce ban tuba ba. Da wane dalili na fara da zan daina? In kin isa ki fasa."

Fili ya rikice. Mutanen tabarma suna cewa ta fasa, malamai suna ɗaga mata hannu kada ta fasa, Alhaji ya miƙe tsaye yana neman shugaban makaranta da ido. Yarinyar dama ba mai haƙuri ba ce. Ta ɗaga ƙwan ta maka shi da ƙasa.

Bai fashe ba. Ya yi tsalle, ya gangara ƙarƙashin kujerar manyan baƙi. Ashe Mama ce ta dafa shi da safe, wai kada a ɓata wa yarinya kayan makaranta, kada kuma a yi asarar abinci.

Kawu ya dubi inda ƙwan ya shige, ya yi shawara da zuciyarsa, ya ga ba zai sake samun irin wannan taro ba. Ya dafe ƙirji. Ya zagaya, ya durƙusa, ya miƙe, ya la'anci tsibiri da teku, ya ƙara wani zagayen da ban taɓa gani a gwaji ba, sannan ya zube. Yaran gari suka ɓarke da atishawa gaba ɗaya kamar yadda aka koya musu, Liman ya amsa musu da addu'a ba tare da ya shirya ba. Aka yi ta tafi.

Alhaji ya karɓi lasifika. Ya ce yana so ya ja hankalin manyan baƙi cewa matsafin bai mutu ba, suma ya yi, kamar yadda kowa ya shaida ƙwan bai fashe ba. Za a farfaɗo da shi, a zauna da shi, a shigar da shi cikin al'umma.

Kawu ya ɗago kai daga ƙasa. "Na mutu, Alhaji."

"Suma ka yi."

"Ni da raina, ni zan faɗa."

Ya mayar da kai ya kwanta. Bai tashi ba har aka fara kiran waɗanda suka zo na ɗaya, sai da masu karɓar kyauta suka riƙa kewaye shi.

Bayan an watse, muna naɗe gidan sauro, dattijuwar nan ta Damari ta zo ta gaishe da Kawu, ta ce ya iya. Sannan ta juyo gare ni.

"Ɗana, kai ka rubuta? Da ya mutu, duk abin da ya ɗauka ya dawo?"

"Ya dawo, Iya."

"Duka? Ba wanda aka ce nasa ya ɓace a hanya?"

"Duka."

Ta gyaɗa kai, ta ce Allah Ya yi albarka, labari ya yi daɗi. Ta gyara mayafi ta bi sauran matan. Ban tambaye ta abin da aka ɗaukar mata ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Na zaci Kawu zai cika ni da fahariya a hanya, amma sai ya ja ni wurin mai shayi na bakin tasha, allin bai gama fita daga kunnensa ba. Muna jiran a haɗa mana sai ya ce, a tafiyarsa ta ƙarshe da mota an tare shi a hanyar dajin, da rana tsaka. Bai taɓa gaya wa kowa a gida ba. Shi kullum yana tsammanin in ranar ta zo zai ga wani ƙato mai jajayen idanu.

"Yaro ne, Malam. Ko gemu bai fara ba. Takalmansa ma ba iri ɗaya ba ne. Ya kwantar da mu a bakin kwalta, bindiga a hannunsa, ni ina kallon yatsansa kawai. Ina ta jira ya ce wani abu, ko zagi ne, in san abin da na yi masa. Ka san me ya tambaye ni? Wai ina da cajar waya."

"Ka ba shi?"

"Na ba shi. Ta ƙi shiga wayarsa, ya jefar a ciyawa."

Mai shayi ya ajiye mana kofuna. Kawu ya kurɓa, ya ɓata rai, ya mayar da kofin ya ce a ƙara madara, shi ba mara lafiya ba ne. Wani ɗan acaɓa da ke wucewa ya rage gudu ya gaishe shi da "Ranka ya daɗe, Matsafi." Kawu ya gyara zama, ya ɗaga masa hannu a hankali kamar mai sarauta, ya ce ya gaida gida.